Layuka Ukun da Ban Karanta Ba

Ranar Talata ɗayanku ya tsaya bakin shagona, ya leƙa allon kwamfuta, ya ce wa abokinsa, "Ammu Usman ai hutawa yake, wasu su yi rubutu, shi ya danna na yarda." Ya kira ni ammu, wato baffa, amma ya ɗauka ban ji ba. Kunnena ƙalau yake, idanun ne suka sha wuya, kuma a kan rubutun irinku suka sha ta. Tunda kun ce sana'ar kuke so ku koya, ku gyara zama in gaya muku ko mece ce, in ya so wanda ya ga ba zai iya ba ya koma sayar da rigar waya, babu abin kunya a ciki.

Abin da nake tsaro sunansa Mudu. Manhaja ce, ko barnamaj kamar yadda muke cewa a nan Gadarif. Ba shi da hoto, ba shi da launi, ba wurin dangwala yatsa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta masa umarni, ka haɗa shi da wata manhajar da ake kuka da nawarta, ya zauna ya ƙirga inda lokaci yake tafiya. In ya gama sai ya jero maka sassan manhajar, wanda ya fi cin lokaci a sama. Duk wanda ya rubuta sashen da ya fito a sama, shi za a kira ofis ya yi bayani. Mu goma sha biyu ne muke kula da shi, wasu a Khartum, wasu a Madani, biyu a ƙasar waje, kuma kyauta muke bayarwa ga duk mai so. Dokarmu ɗaya ce: ba gyaran da zai shiga Mudu sai wani ya duba shi layi bayan layi, sunan mai dubawan kuma yana nan a ƙasan gyaran muddin Mudu yana duniya. Yawancin sunayen nan nawa ne.

Aikina na farko a hannun Ustaz Jibir ba rubutu ba ne. Lokacin ina gyaran rediyo a kasuwa, shi kuma yana koyar da lissafi a sakandare, irinmu ne, jikan mahajjatan da suka tsaya noman dawa ba su ƙarasa komawa gida ba. Shi ya ƙirƙiro Mudu a kan wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin niƙa. Da na ce ina so in koya, sai ya buga mini shafi arba'in na rubutun manhaja a takarda, ya miƙo mini jan biro, ya ce, "Akwai kuskure bakwai a ciki. Kar ka dawo sai da su." Na dawo da shida bayan mako uku. Ya ce in koma. Na sake yin mako biyu, na kasa cin abinci da daɗi, na dawo na ce wallahi shida ne. Sai ya yi dariya ya ce, "Shida ne. Ina so in ga ko za ka ƙirƙiro na bakwai don ka faranta mini." Shekara biyu na yi da jan biron nan kafin ya bar ni in rubuta layi ɗaya. Ku kuwa wata biyu kuka yi, har kun fara ce mini na cika jinkiri.

Kayan aikina kuna ganinsu, ba wani abin a zo a gani. Jan biro, takarda, tabarau, fanka, sai waccan kwamfutar da kuke wa dariya, wadda murfinta ke ɗaure da waya. Da gangan nake ajiye ta. Masu amfani da Mudu ba sababbin injuna gare su ba, irin waccan gare su, a ofisoshin da wuta ke zuwa in ta ga dama. Gyaran da bai gudu a kanta ba, bai gudu ba.

Wani saurayi daga Madani ya taɓa turo mini gyara da dogon bayani, wai ya ninka saurin Mudu sau biyu, har da lambobin awo na kafin da na bayan. Na karanta rubutun sau uku ban ga abin da zai ninka komai ba. Na gwada a nan, ko gezau. Na kira shi na ce, "Ya zol, kai bawan Allah, awon farko yaushe ka yi shi?" Ya ce da azahar. Na ce da wuta ko ba wuta? Ya ce an ɗauke, a kan batir ya yi. Na biyun fa? Da safe, wuta ta dawo. To kwamfuta in tana kan batir cikin zafin azahar rage ƙarfinta take yi don kar ta ƙone, wannan ko mai gyaran waya ya sani. Abin da ya auna kamfanin lantarki ne, ba gyaransa ba. Ya yi fushi da ni wata guda. Yanzu kuma ga injin da ke rubuta muku, ku kwaso abin da ba ku karanta ba ku jibge mini, in na tambaye ku me wannan layin yake yi ku ce ai yana aiki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ina ganin rubutun da mai shi bai karanta ba tun daga layin farko.

Duk wannan faɗan da nake yi muku, ba don ban taɓa yi ba ne. Na yi, kuma nawa ya fi naku muni, don ni na san abin da nake yi.

Ustaz Jibir ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, ya shekara uku bai turo wa Mudu komai ba. Rannan da hantsi, mun gama cin wake na fatur, wato karin kumallo, kenan, sai ga shi da kansa a bakin shago, da farar jallabiya da rawani, riƙe da sanda. Ya ce ya turo gyara, layi ɗari huɗu, share-share ne kawai na tsofaffin wuraren da suka daɗe suna damunsa. Ya ce, "Na zo in ga yadda kake aiki yanzu." Ya zauna a kan bencin nan da kuke kai. Na aika wa mai shayi ta kawo jabana, wato gahawa, da citta yadda yake so.

Ku da kuka tashi a gidajenmu kun san abin da ya same ni. Malaminka yana zaune, ya tako da sanda tun daga unguwarsu, kai kuma ka sa tabarau kana bin rubutunsa da jan biro kana neman laifi, yana kallonka? Layi ɗari huɗu aikin wuni ne cur. In bar shi zaune har la'asar, ko in ce ya tafi zan duba in kira shi, kamar wani yaron da ya zo neman aiki? Na karanta layi hamsin na farko, tsaf suke kamar yadda na san hannunsa. Sauran na gangara da su da yatsa, ina gyaɗa kai kamar mai karatu. Kafin kofinsa na biyu ya huce na sa sunana. Ya ce, "Har ka gama?" Na ce, "Na gama, ya ustaz. Tamam, komai daidai." Ya dube ni ta saman tabarau ɗan lokaci, ya shanye kofinsa, ya yi sallama.

Shekarar da mutanen Habasha suka ƙetaro iyaka, sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba ya cika, ita ce shekarar da abin ya fito. Wata Litinin da safe wata mata ta shigo shagon da jakar kwamfuta a kafaɗa, ƙurar hanya har a mayafinta. Ta ce sunanta Nafisa, mutuniyar Shawak ce. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ta aiki, ita ta rubuta sashen manhajar da ke duba sunan iyali ya fitar musu da katin abinci. Rajistar ta yi nawa ƙwarai, mutane na wuni a layi cikin rana da jarirai a baya. Mudir ɗin ofishin, wato shugabansu, ya sa aka haɗa Mudu da manhajar, sai sashen Nafisa ya fito a sama, kusan duk lokacin a kansa. Aka ba ta mako biyu ta gyara. Ta sake rubuta shi sau biyu tun daga tushe, Mudu bai sauya magana ba. Yanzu an ce mata ranar Alhamis za a yanke shawara, akwai wani kamfani daga Khartum da ke jira ya karɓi aikin, ita kuma ta tattara ta tafi da sunan wadda ta tsayar da mayunwata a rana.

Ta ce, "Ammu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mudunku ƙarya yake yi."

Wanzami ba ya son jarfa. Na ce mata kowa haka yake cewa in yatsa ya nuna shi. Na karɓi kwamfutarta, na haɗa da shabakar shagona, wato intanet ɗin da ke shigo mini ta waya, na saki Mudu. Sashenta ya fito can ƙasa, ba ya cin komai. Na ce, "To ga shi, ke da Mudu duk kun fita. Wanda ya auna a can ne bai iya ba."

Ta ce, "La, a'a, ammu. Shabakarka ce mai kyau. Bari ka gani."

Ta fita wurin mai shayi ta aro gwangwanin madara babu kowa a ciki. Ta haɗa kwamfutar da shabakar wayarta, ta jefa wayar cikin gwangwanin, ta rufe murfin rabi, har sandunan shabaka suka koma ɗaya. Ta ce, "Haka take a sansani in an yi sa'a. Sake." Na sake. Sashenta ya tashi daga ƙasa ya haye sama, ya cinye jerin gaba ɗaya. Na cire wayar daga gwangwani, ya sauko. Na mayar, ya hau. Sau biyar na yi, don ban so in yarda ba.

Daga nan na koma baya ina bin gyare-gyaren Mudu ɗaya bayan ɗaya, ina cire kowanne ina gwadawa, ita tana riƙe da gwangwani. Wajen azahar na same shi. Kwamfuta agogo biyu gare ta. Ɗaya yana ƙirga lokacin da inji ke aiki kawai, ɗayan kamar agogon bango ne, yana tafiya ko ana aiki ko ana jira. Tun asali da na farkon Mudu ke awo. A cikin layi ɗari huɗun nan na Ustaz, can wajen na ɗari uku, akwai layuka uku da suka mayar da shi kan agogon bango, don rubutun ya fi gajarta haka. A gidansa da shagona, inda shabaka ke da ƙarfi, agogon biyu kusan ɗaya suke faɗa. A sansani kuwa, sashen Nafisa tambaya kawai yake aikawa babbar kwamfutar da ke Khartum ko an taɓa rubuta wannan sunan, ya tsaya jiran amsa, Mudu kuma ya ɗora masa duk jiran. Kamar ka aiki mutum gidan burodi ya tarar da layi, ya dawo ka ce tafiyarsa ce ba sauri. Laifin na shabaka ne da yadda aka tsara tambayar Khartum, abin da ba ita ta tsara ba. A ƙasan gyaran an rubuta wanda ya rubuta, Jibir, wanda ya duba, Usman.

Nafisa ta karanta sunayen. Ta ce, "Mudir ba zai karɓi magana ta waya ba, ya ce kowa yana da ammun da zai kira. Sanarwarku ta hukuma yake so, a rubuce, inda kuke sawa kowa ya gani." Na ce ta koma bakin aikinta, za a yi.

Mayar da layukan uku aikin minti biyar ne. Sanarwar ce matsala. Al'adarmu, in an gano kuskure, a rubuta wane gyara ne ya kawo shi, wa ya rubuta, wa ya duba, duk mu goma sha biyu da masu amfani da Mudu su karanta. Wato in rubuta da hannuna cewa aikin ƙarshe da malamina ya yi wa abin da ya ƙirƙira shi ne ya lalata shi. A nan na yi wautar da ta fi ta farko. Ranar Talata gaba ɗayanta na kashe ta ina neman dabarar da zan gyara in yi sanarwa ba tare da sunansa ya fito ba. Na rubuta na goge ya fi sau goma. In na ce kuskure ne ya shigo, za a ce ta ina. In na ce laifina ne ni kaɗai, duk wanda ya buɗe tarihin gyaran zai ga ƙarya nake. Nafisa ta kira sau biyu, na ce ana kan aiki. Har magariba ban aika komai ba.

Laraba da safe na tafi gidan Ustaz. Na same shi a rumfar tsakar gida yana sauraron rediyo. Muka gaisa, na tambayi ƙafa, na tambayi ido, na tambayi jikoki, har ya ce, "Usman, ba gaisuwa ta kawo ka ba. Faɗi." Na faɗa masa, ina ta kewaye-kewaye, ina cewa abu ne da kowa zai iya yi. Ya sa na karanta masa layukan uku da baki. Ya rufe ido ya saurara, ya ce, "Agogon bango. Astagfirullah. Wannan ko ɗan wata shida a hannuna zai kama shi." Sai ya buɗe ido ya ce, "Kai kuma yaya aka yi ya wuce ka?"

Na ce, "Ban karanta wurin ba, ya ustaz."

"Me ya hana?"

"Kana zaune. Na ji nauyi."

Ya kashe rediyon. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, ko lokacin da na ƙona masa kwamfuta ina koyo. Ya ce, "Na san idona ya tafi. Shi ya sa na kawo maka, ban kai wa wani ba. Na taka da sanda har kasuwa don in sa rubutuna a gaban mutum ɗaya da na tabbata ba zai raga mini ba. Ranar nan da ka ce ka gama, na yi mamakin saurin, sai na ce wa kaina yaron ya ƙware ne. Ashe lallaɓa ni ka yi kamar tsohon da ake ba alewa. Wannan kake kira girmamawa?" Ya ce, "Yaushe ka gano?" Na ce Litinin. Ya ce, "Yau Laraba. Yarinyar mutane tana can ana shirin korarta, kai kana nan kana tsaron mutuncina. Wa ya ba ka ajiyarsa? Buɗe injin."

Shi ya faɗa, ni na rubuta. Sunansa ya sa a farko, ya ce in ƙara da cewa mai dubawa ya sa hannu bai karanta ba, na ƙara. Kafin azahar sanarwar ta fita, na tura wa mudir da Nafisa. Ba wanda ya amsa. Na yi ta kira, waya ba ta shiga. Shabakar sansanin ta ɗauke tun safiyar ranar, abin da ya kamata in yi tsammani tunda a kanta ake duk wannan rigimar.

Alhamis da asuba muka hau mota, ni da shi, don ya rantse sai ya je. Hanyar ta girgiza tsohon nan har na ji tsoro. Muka isa da hantsi, muka wuce layin mutane da ya miƙe daga bakin tantin rajista har bayan tankin ruwa. Mudir mutum ne mai ladabi, ya ba Ustaz kujera, ya karanta takardar da na bugo har ƙarshe. Ustaz ya ce masa, "Kuskuren nawa ne da na wannan. Aikin yarinyar nan ba shi da aibi." Mudir ya riƙe kai. Ya ce, "Malesh, ka yi haƙuri, ya hajj. Wallahi da wannan ta zo mini shekaranjiya, da magana ta ƙare. Mutumin kamfanin Khartum jiya da la'asar ya ce zai wuce, ba zai kai Alhamis ba, na jira har ƙarshe ban ga komai ba, na sa hannu. Takardun sun tafi." Ustaz ya roƙe shi, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Mudir ya ce zai rubuta mata takardar shaida mai kyau, iyakar abin da ke hannunsa kenan.

Da Nafisa muka dawo Gadarif, jakarta a cinya. Ustaz ya sauka a unguwarsu, ya tsaya ta taga ya ce mata, "Ki yafe mana, 'yata." Ta ce, "Allah ya yafe mana duka, ya ustaz." Ni na raka ta tasha. Motar Shawak saura mutum biyu ta cika, muka tsaya a inuwar wata rumfa muna jira. Ina ta haɗa maganar da zan faɗa, ita ta riga ni.

Ta ce, "Ammu, tambaya ɗaya, ba don faɗa ba. Layukan nan uku, da ka karanta su ranar, minti nawa za su ɗauke ka?"

Na ce, "Biyar. Ko ƙasa da haka."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ni wata takwas na yi a kan nawa." Kwandasta ya kira, ta shiga, motar ta tashi.

Kamfanin Khartum ya zo ya tarar da shabakar nan dai, ya yi wata biyu kafin ya gane abin da ita ta gane da gwangwanin madara. Nafisa yanzu lissafi take koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Shawak. Na aika mata sau uku ta zo ta shiga cikinmu, don ban taɓa ganin mai idon dubawa irin nata ba, sau uku tana godiya tana cewa ta bar wannan layin. Duk sallah tana aiko mini da gaisuwa, tana tambayar lafiyar idona, ni kuma sai in yi kwana biyu da saƙon a waya kafin in iya amsawa.